Hasumiyar Gobarau: Ginin da Ba Ya Ɗaukuwa

Maudu'inmu na wannan mako ya shafi gini da ruwa, da yadda ɗaya ke cin ɗaya.

A jihar Karolina ta Arewa da ke Amurka akwai wata doguwar hasumiya ta jan bulo a Kef Hataras, wadda aka gama a 1870 domin fitilarta ta riƙa nuna wa jiragen ruwa hanya da dare. Sannu a hankali teku ya yi ta cin gaɓa har ya kusa isa gindinta. A 1999 injiniyoyi suka ɗaga ta ɗungurungum, suka ɗora bisa dogon ƙarfe, suka matsar da ita ƙafa 2,900 cikin kwana 23. Mutanen Danmak ma sun yi wa wata hasumiyarsu haka a 2019, suka janye ta mita 70 daga bakin gaɓa.

Mu nan Kaduna wannan dabara ba baƙuwa ba ce. Gadar Lugga da ke lambun Gamji, a Zungeru aka fara kafa ta a 1904, daga baya aka kwance ta aka kawo nan. Ƙarfe ce, shi ya sa ta kwantu ta ɗauru. To amma yaya za a yi da ginin ƙasa, wanda in ka ɗaga shi sai ya marmashe a hannunka?

Wannan ne ya kai mu Katsina. Hasumiyar Gobarau, mai tsayin kimanin ƙafa 50, ana danganta ta da zamanin Muhammadu Korau, wanda ake ɗauka shi ne sarki Musulmi na farko a Katsina. Sashe ce ta babban masallacin gari na wancan lokaci, wurin kiran salla da karatu, kuma daga samanta ake hango abin da ke tunkarar birni. Yau tana cikin jerin kayan tarihi na ƙasa da Hukumar Gidajen Tarihi ke kula da su. Babu teku a Katsina, amma akwai damina. Ruwan sama na wanke yaɓe daga sama, wanda ya kwanta a ƙasa kuma ya jiƙa gindi ya ci tushe. Zaizaya ce iri ɗaya, sai dai ita wannan ba ta da ƙara.

Abin da ya tsayar da irin waɗannan gine-gine shi ne hannun magina. Suna gini da tubali, su yi rufi da azara, su sa indararo don ruwa ya zuba nesa da bango. Suna haɗa makuba daga ɓawon ɗorawa don yaɓe ya yi ƙarko, su haɗa laso da katsin marina da gashin jima don rufi ya daina shan ruwa. Babu ɗaya daga ciki da ake yi sau ɗaya a huta. Kowace shekara sai an koma. Shi ya sa mutanen Jenne a Mali ke fitowa ƙwansu da kwarkwatarsu duk shekara su yaɓe masallacinsu, wanda aka sake ginawa a 1907. Hasumiyar Agadas kuwa, mai mita 27, itatuwan da suka fito a jikinta su ne matakalar masu gyara. Tun ranar gini aka yi wa gyaran tanadi.

Inda wannan al'ada ta yi rauni, mun ga sakamako. Ranar 11 ga Agusta 2023 wani sashe na babban masallacin Zariya, wanda Babban Gwani ya gina a shekarun 1830, ya rufta ana cikin sallar La'asar, aka rasa rayuka. A Satumbar 2024 ruwan sama ya rushe tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram. Wani lokaci ma gyaran ne ke kashe gini: a shafe bangon ƙasa da siminti, danshi ya maƙale a ciki ya rasa hanyar fita, bango ya ruɓe ta ciki alhali fuskarsa na ƙyalli.

Saboda haka ceton Gobarau ba ya hannun injin ɗaga kaya. Yana hannun mutumin da ya san yadda ake jiƙa makuba, da yaron da zai gaje shi. In wannan sani ya mutu, ko an ware kuɗi babu mai aikin.

Nan ne namu aikin ya shigo. Mu da ke rubutu daga Kakuri, Makera, Barnawa da Nasarawa, muna ganin yadda Kogin Kaduna ke cika ya shiga gidaje in damina ta yi ƙarfi. Muna wuce tsohuwar tashar jirgin ƙasa da kangon masaƙar KTL da aka buɗe a 1957, ba tare da mun tambayi wanda ya yi aiki a ciki ba. Sau da yawa a labaranmu sai mu ce "wani tsohon gida" mu wuce, ba azara, ba soro, ba zaure, ba zanko. Kalmar da marubuci ya daina amfani da ita, ita ma ruwa na cin ta.

Ga aikin wannan mako. Kowa ya nemi dattijon magini ko tsohon ma'aikaci a unguwarsu, ya gaishe shi da ladabi, ya ce, "Baba, yaya kuke yi a da?" Ya rubuta sunayen kayan aiki, da lokacin da ake gyara, da wanda ke biya. Mai hali ya ɗauki hoton ginin, ya sa kwanan wata. Daga nan a fitar da shafi ɗaya a kawo mana nan mu karanta tare.

Allah Ya jiƙan magabata, Ya sa mu riƙe amanar da suka bari.