Tarihin Gidajen Yara a Makarantun Kwana

Duk wanda ya taɓa kai ɗansa makarantar kwana ya san cewa ran da aka karɓi yaro, kafin a nuna masa aji sai an nuna masa gida. Abin da a ke nufi da gida a nan shi ne rukunin ɗakunan kwana mai suna nasa, da malami mai lura da shi, da shugabanni daga cikin yaran kansu. A nan yaro zai kwana ya tashi, ya yi wasa, ya yi jinya, har ya gama makaranta. Mutane da yawa a ƙasar Gwandu, daga Jega da Aliero har Maiyama da Giwa Tazo, sun ba da 'ya'yansu ga wannan tsari ba su san inda ya samo asali ba. Ya kamata a sani, domin amana ce babba mutum ya miƙa ɗan cikinsa ga waɗanda bai taɓa gani ba.

Tura yaro nesa neman ilmi tsohon abu ne a ƙasar Hausa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da ƙanensa Abdullahi na Gwandu sun yi ta tafiya wurin malamai, kamar Malam Jibrilu ɗan Umaru. Uba ya kan ɗauki ɗansa ya danƙa wa malamin allo, malam ya zama uba, matar malam ta zama uwa. A makarantar kuma akwai daraja hawa hawa: ƙolo yana ƙarƙashin titibiri, titibiri yana ƙarƙashin gardi, gardi shi ke biya wa ƙanana karatu, shi ke tsawata musu in malam ba ya nan. Saboda haka sa'ad da Turawa suka kawo nasu tsarin, ba su tarar da mutane jahilan wannan al'amari ba.

Su kuwa Turawa daga Ingila suka ɗauko shi. A tsofaffin makarantunsu, irin su Iton, yara su kan zo daga nesa, sai su sauka a gidajen malamai ko na waɗansu dattijan mata a cikin gari, ana biyan kuɗin ci da kwana. Sannu a hankali makaranta ta mai da gidajen nan nata, ta naɗa wa kowane malami. Wani shugaban makarantar Ragbi, Tomas Arnold, wanda ya riƙe ta daga 1828 zuwa 1842, shi ya shahara da ɗora wa manyan yara nauyin tarbiyyar ƙanana. Galibin Turawan da suka zo aikin ilmi a Nijeriya ta Arewa a irin waɗannan makarantu suka tashi, don haka abin da suka sani shi suka shuka.

A 1909 Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar gwamnati ta farko a Nasarawa ta Kano, aka riƙa aiko masa da 'ya'yan sarakuna da malamai daga larduna. Amma inda tsarin gidaje ya kafu sosai shi ne Kwalejin Katsina. An fara karatu a cikinta a 1921, Gwamna Sir Hugh Clifford ya buɗe ta a watan Maris na 1922, da nufin horad da malamai waɗanda za su koyar a makarantun larduna. Ginin ƙasa ne irin namu, yana nan tsaye har yanzu a birnin Katsina, an mai da shi wurin ajiye kayan tarihi. Aka rarraba ɗalibai gida gida.

Ku dubi hanyar da yaron ƙasar Gwandu ya kan bi a zamanin nan, sa'ad da ƙasar ta ke cikin Lardin Sakkwato, tun ba a yi Jihar Kebbi ba, wadda sai a 1991 aka ƙirƙiro ta. Ya gama elementare kusa da gida, in ya yi ƙoƙari a tura shi Midil ta Sakkwato, in ya yi fice a can sai kwaleji. Tafiya ce ta kwana da kwanaki, da ƙafa ko bisa doki, mota kuwa sai mai sa'a. Yaron da ya tafi ba ya ganin uwarsa sai hutu ya zo. Wannan ya sa iyaye da yawa suka riƙa ɓoye 'ya'yansu in an zo ɗaukar 'yan makaranta, suna tsoron kada yaro ya bar salla, ya rena iyayensa. Masu makaranta sun san da wannan tsoro, shi ya sa suka ɗauki malaman Arabiyya da addini, kamar Malam Nagwamatse na Sakkwato da Malam Bello Kagara mai littafin Ganɗoki, suka zama iyayen yara a Katsina.

Kwalejin ba ta zauna wuri ɗaya ba. A 1938 aka mai da ita Kaduna, a 1949 ta koma Zariya, a 1971 kuma aka sa mata suna Kwalejin Barewa. Sunayen gidajenta su kansu tarihi ne. Akwai gidan Lugard da na Clifford, watau gwamnoni biyu. Akwai na Ɗan Hausa, da na Malam Smith wanda ya gaje shi a shugabancin ilmin Arewa, da na Bienemann da na Mort, shugabannin kwalejin na dā. Sa'an nan ga na Nagwamatse da na Bello Kagara, ga na Ja'afaru Sarkin Zazzau, ga na Sulaimanu Barau Sarkin Abuja, wanda shi ma a Katsina ya yi karatu. Sauran makarantun kwana na Arewa suka bi wannan gurbi, kowace tana sa wa gidajenta sunayen sarakuna da malamai da mazan jiya na ƙasarta.

To, yaya gida ya ke tafiya? Bisa kansa akwai malamin gida, wanda ya kan zauna kusa da yaransa. Aikinsa ya san kowane yaro da sunansa da garinsu da halinsa. In yaro ya kwanta ciwo, shi zai sa a kai shi wurin magani. In an aiko da labarin rasuwa daga gida, shi zai kira yaro gefe ya gaya masa, ya yi masa ta'aziyya, ya nema masa izinin tafiya. Kuɗin guzurin ƙananan yara a hannunsa a kan ajiye, yana ba su kaɗan kaɗan. Ƙarshen zango kuma ya rubuta shaidar halin yaro a takardar da za a kai wa uba. Malamin aji ya san abin da ke cikin kan yaro, amma malamin gida shi ya kan ga yaron da ya daina cin abinci, ko wanda ya ke kuka da dare.

Ƙarƙashin malam akwai kyaftin na gida, babban yaro wanda aka yarda da hankalinsa, da mataimakansa masu lura da ɗakuna. Su ke ta da yara da asuba don salla, su raba shara da ɗebo ruwa, su tsai da layi wurin abinci, su hana surutu lokacin bitar dare, su kashe fitila in an buga ƙararrawar barci. Ran Asabar a kan yi duban tsabta, a dubi shimfiɗa da tufafi da farce, a ba gidan da ya fi maki. Sabon yaro kuma ya kan sami wani babba ya zama uban ɗakinsa, yana yi masa 'yan aike-aike, shi kuwa yana kāre shi, yana koya masa darasin da ya gagare shi.

Abin da ya fi haɗa kan gida shi ne gasa. Gida da gida su kan kara a ƙwallon ƙafa da tsere da tsalle, wanda ya ci ya ɗauki kofi. A nan ƙasar Gwandu tana da abin faɗi, gama wasan nan na fayif, wanda a ke bugun ƙaramar ƙwallo da tafin hannu a jikin bango, a Birnin Kebbi wani malami Bature, Mista Hogben, ya fara koyar da shi wajen 1922, daga nan ya bazu zuwa Katsina da sauran garuruwa. Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, gwaninsa ne, bai bar buga shi ba har ya zama Firimiya.

Amfanin wannan zama ya bayyana daga baya. Ahmadu Bello ya zauna a Katsina daga 1926 zuwa 1931, Abubakar Imam daga 1927 zuwa 1932, Abubakar Tafawa Ɓalewa daga 1928 zuwa 1933. Kashim Ibrahim na Barno shi ma can ya yi. Aminu Kano da Shehu Shagari a Kaduna suka yi nasu, Yakubu Gowon da Murtala Muhammad a Zariya. Basakkwace da Babarbare da mutumin Bauci, waɗanda da ba su taɓa haɗuwa ba, suka ci tuwo a akushi ɗaya shekara da shekaru. Sa'ad da mulkin kai ya zo, sun riga sun san halin juna, ko da siyasa ta raba waɗansunsu. Gowon kuwa Kirista ne, ya zauna lafiya cikin Musulmi.

Amma fa tsarin yana da nasa aibi, kuma ba daidai ba ne a ɓoye shi. Yaro ɗan shekara goma sha bakwai in an ba shi iko, ba kullum ya ke da haƙurin riƙe shi ba. A makarantun kwana da yawa manya sun mai da ƙanana bayi, suna ƙwace musu nama da guzuri, suna sa su gwale-gwale a kan laifin da bai taka kara ya karya ba. Wanda aka zalunta bana, baɗi in ya girma ya rama a kan na bayansa. Maganin wannan ɗaya ne tun dā, watau malamin gida mai zagayawa da dare, wanda ƙaramin yaro ba ya jin tsoron kai masa kuka.

Bayan da aka soma shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa a 1976, yara suka yi yawa ƙwarai, gine-gine da malamai ba su ƙaru daidai da su ba. Ɗakin da aka gina don kaɗan ya cika maƙil, malami ɗaya ya kāsa sanin sunayen yaransa, makarantu da yawa kuma aka mai da su na je-ka-ka-dawo. Daga baya wata masifa ta zo wadda mutanen dā ba su sani ba. A watan Disamba na 2020 'yan bindiga suka kwashe yara fiye da 300 daga makarantar kwana ta Ƙanƙara a Jihar Katsina, a watan Yuni na 2021 kuma suka shiga kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yawuri a Jihar Kebbi, suka tafi da ɗalibai da malamai. Tsoron da iyaye suka yi a zamanin Turawa ya dawo da wata kama, gama yanzu ran yaro a ke ji wa.

Saboda haka, ya ku iyaye, yanzu da kuka iya karatu da rubutu, kada ku tsaya ga biyan kuɗi kaɗai. In kun kai yaro, ku tambayi sunan gidansa, ku nemi malamin gidan ku gaisa, ku san shi ya san ku. Ku duba inda yaro zai kwanta, da inda zai sha ruwa, da katangar makaranta da masu gadinta. Ranar ziyara ku je, ko da ƙuli-ƙuli da garin rogo ne guzurin. In takardar ƙarshen zango ta zo, ku karanta shaidar hali kamar yadda ku ke duba makin lissafi, in kuwa kun ga yaro ya dawo a rame ko ya yi shiru, ku zaunar da shi ku tambaye shi. Allah ya shirya mana zuriyarmu, ya tsare su inda duk su ke, ya sāka wa malaman da suka riƙe amana da alheri, amin.