Tarihin Alamar Σ da Aikin da Ta Zo Yi a Lissafi

A shekarar 1755 aka buga littafin Leonhard Euler mai suna Institutiones calculi differentialis. Euler haifaffen Basel ne ta ƙasar Suwizalan, amma a lokacin yana aiki a Balin. A cikin wannan littafi ya ɗauko babban harafin Girkanci Σ, wato sigma, ya sa shi ya tsaya a madadin jimla. Yau harafin yana cikin littattafan sakandare da na ƙididdiga, yana kan maɓallin tarawa a manhajar Excel, kuma ɗalibai da yawa da zarar sun hango shi sai gabansu ya faɗi. Ra'ayina shi ne tarihin alamar yana nuna cewa wannan tsoro ba shi da tushe. Sigma ba ta gano ko da jimla ɗaya ba. Abin da ta kawo shi ne hanyar faɗin umarnin tarawa dalla-dalla, ta yadda mai karatu ba zai yi zato ba, kuma wannan kaɗai ya isa ya sauya yadda ake aikin lissafi.

Tara jerin lambobi ya girmi alamar da kusan shekara dubu biyu. A ƙarni na uku kafin haihuwar Annabi Isa, Arkimidis na Sirakusa ya nuna cewa idan aka fara da 1, aka ƙara rubu'insa, aka ƙara rubu'in rubu'in, aka ci gaba a haka, jimlar tana dosar 4/3. A shekarar 499 Aryabhata na Indiya ya rubuta ƙa'idojin tara lambobin da aka ninka da kansu, kuma a baitoci ya rubuta su. A wajajen shekarar 800 akwai wata tambaya da ake jingina wa Alkuwin, malami a fadar Sarki Sharlaman: tsani mai matakala ɗari, tantabara ɗaya a matakin farko, biyu a na biyu, har zuwa ɗari a na ƙarshe, nawa ne duka? Amsar ta bi ta haɗa 1 da 99, 2 da 98, har aka samu ɗari sau 49, sannan aka ƙara 50 da 100, aka tashi da 5050. Ibnul Haisam, wanda ya rasu a Alƙahira wajajen 1040, ya fitar da ƙa'idar tara lambobi irin su 1, 16, 81, 256, domin yana neman girman cikin wata siffa mai lanƙwasa. Duk waɗannan da zance suka yi aikinsu, ko da zane.

Wanda ya fi nuna inda gizo yake saƙa shi ne Alkaraji, masanin Bagadaza na wajajen shekarar 1000. Ya tabbatar da cewa 1 + 8 + 27 + 64, har zuwa 1000, daidai yake da 55 sau 55, wato 3025, kuma 55 ɗin nan ita ce jimlar lambobi daga 1 zuwa 10. Ya bi hujjar daga goma ya sauko tara, daga tara ya sauko takwas, har ya iso ɗaya. Duk mai hankalin da ya bi shi zai gane cewa goma ba ta da wata daraja ta musamman a nan, ko ashirin aka ɗauka ko dubu haka abin zai kasance. To amma Alkaraji ba shi da hanyar rubuta “kowace lamba” a taƙaice, saboda haka ya kafa misali ɗaya ya bar mai karatu ya hango sauran. Ilimin ya cika, kayan rubuta shi ne suka gaza. Haka kuma malamin Katsina, Muhammad bin Muhammad al-Fulani al-Kishnawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu a 1732 kan hatimin lambobi masu gidaje mara, inda kowane layi dole ya ba da jimla ɗaya. Shi da Euler zamaninsu ɗaya, kuma shi ma da bayani da zane ya isar da hanyoyinsa.

A Turai ma ba kai tsaye aka iso ga sigma ba. A ranar 29 ga Oktoba 1675 Leibniz ya daina rubuta kalmar omn. a madadin jimla a takardunsa, ya koma ga doguwar s, wato ∫, don tara gutsattsarin da ba su da iyaka wajen ƙanƙanta. Jacob Bernoulli, a littafinsa Ars Conjectandi da ya fito a 1713 bayan rasuwarsa, da wannan doguwar s ɗin ya rubuta jimlolin lambobi na ƙirge. Ke nan alama ɗaya tana ɗauke da aiki biyu mabambanta: tara abin da ake ƙirgawa ɗaya bayan ɗaya, da tara abin da yake gudana babu yankewa. Euler ya raba su. A wurinsa Δ tana nuna bambanci tsakanin lamba da mai bi mata, Σ kuma tana warware abin da Δ ta yi. Amma sigmar Euler tsirara take, babu komai a samanta ko ƙasanta, kuma ba a yi rububin karɓarta ba. Lagrange ya yi amfani da ita a 1772, sai dai sai zuwa 1829, a rubuce-rubucen Fourier da Jacobi, ta fara zama ruwan dare, kuma a wajen Fourier ake ganinta da mafari da maƙura a rubuce. Fiye da shekara saba'in ke nan kafin ta ɗauki kamar da muka sani.

Wannan ƙarin na mafari da maƙura shi ne, a ganina, ainihin abin da ya ba alamar daraja. Kafin nan, ɗigo uku ko “da sauransu” ake sawa. Idan an rubuta 3 + 5 + 7 + …, me ke biye? Mai tunanin lambobin mara zai ce 9, mai tunanin lambobin da ba sa rabuwa sai da ɗaya da kansu zai ce 11, kuma babu wanda ya yi kuskure a cikinsu, rubutun ne bai faɗa ba. Sigma tana tilasta wa marubuci ya faɗi abu uku: ƙa'idar da ke haifar da kowace lamba, inda za a fara, da inda za a tsaya. Idan an rubuta k = 1 a ƙasanta, 4 a samanta, k² a gabanta, ma'anar ita ce a sa 1, 2, 3, 4 a gurbin k bi da bi, a tara abin da ya fito: 1 + 4 + 9 + 16, wato 30. Da zarar jimla ta samu wannan siffa, sai ta zama abu guda da za a iya juyawa ba tare da an lissafa ta ba. Ana iya fitar da lambar da ta ninka kowane sashe zuwa waje, ana iya raba jimla gida biyu, ana iya sauya wurin sigma biyu da ke jere. Wannan na ƙarshe kowane ɗan kasuwa mai littafin ciniki ya san shi: ko ya tara cinikin kowace rana sannan ya haɗa ranakun, ko ya tara na kowane kaya sannan ya haɗa kayan, kuɗin ɗaya ne.

Mai suka zai ce idan manyan sakamakon an same su ba tare da alamar ba, to ado ce kawai. Hujjarsa tana da ƙarfi, domin Euler da kansa ya warware matsalar Basel a wajajen 1735, inda ya nuna cewa 1 + 1/4 + 1/9 + 1/16 har abada tana ba da π²/6, shekara ashirin kafin ya fito da sigma. Amsata ita ce ba don irin su Euler ake ƙirƙiro alama ba. Wanda zai iya riƙe dogon jeri a kansa ba ya bukatar taimako, dubban da za su koya daga gare shi su ne mabukata. Ingila ta ba da shaida a kan wannan. Masananta sun manne wa ɗigogin Newton saboda kishin ƙasa, suka ƙi alamomin Leibniz, har suka zama koma-baya ga Faransa da Jamus, sai da Babbage da Herschel da Peacock suka kafa ƙungiya a Kambirij a 1812 don shigo da rubutun nahiyar Turai. Sannan akwai fannin ƙididdiga, inda ake tara ma'aunai ɗaruruwa waɗanda babu wata ƙa'ida da ke haɗa su. Hanyar da Legendre ya buga a 1805 ta rage kurakuran awo, da matsakaici, da ma'aunin warwatsuwar bayanai, duk jimloli ne, kuma rubuta su da ɗigogi a kowane shafi wahala ce da ke jawo kuskure.

Suka ta biyu ta fi nauyi, kuma ban ga dalilin musanta ta gaba ɗaya ba: alama mai tsafta tana iya ɓoye haɗari. Idan aka ɗora alamar rashin iyaka a saman sigma, rubutun yana kama da amsa ko da babu amsa. Jerin 1 − 1 + 1 − 1, wanda Guido Grandi ya tattauna a 1703, yana ba da 0 idan aka haɗa shi bibbiyu daga farko, yana ba da 1 idan aka ware lambar farko. Sai da Cauchy ya zo a 1821 ya shimfiɗa sharuɗɗan da jeri mara iyaka zai cika kafin a ce yana da jimla, Riemann kuma ya nuna a 1854 cewa akwai jerin da idan aka sauya tsarin sassansa za a iya sa shi ya ba da duk lambar da aka ga dama. Wato dokar littafin ciniki ba kullum take aiki ba idan layukan ba su da ƙarshe. Sai dai a lura, ruɗanin Grandi ya riga sigma zuwa duniya, kuma bayyana shi da kyau ya fi sauƙi ga wanda ke iya rubuta jimlar sassa n na farko ya tambayi inda ta dosa. Ko Einstein, da ya yar da alamar a 1916 ya ce maimaita harafi sau biyu ya isa ya nuna tarawa, bai yar da tsarin ba, ya dogara ne da masu karatun da tsarin ya riga ya zauna musu.

Saboda haka ina kira ga malaman lissafi da su bi tsarin da tarihin ya bi. A fara da tsanin Alkuwin da jerin Alkaraji, ɗalibi ya tara da hannunsa har ya gaji da rubuta dogon layi, sannan a nuna masa sigma. Duk lokacin da ya gamu da ita kuma, a sa shi ya warware sassa uku ko huɗu na farko a takarda kafin a ba shi wata ƙa'ida ya haddace.