Halittun da Ke Samar da Iskar Metan: Yadda Suke Tattalin Kuzari

A Jihar Filato, daga Vom zuwa Barikin Ladi, kashin shanu ba abin nema ba ne. Idan aka dama shi da ruwa aka rufe a ramin da iska ba ta shiga, yakan fitar da gas da ake girki da shi, wanda akasarinsa iskar metan ce. Masu samar da ita wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, 'yan rukunin arkiya, wanda masani Carl Woese na Amurka ya bambanta da bakteriya a 1977. Suna zaune a tumbin saniya da cikin laka, irin ta ƙasan kududdufan da haƙar kuza ta bari a kewayen Jos.

Yawancinsu suna haɗa haidirojin da iskar kabon dayoksaid su fitar da metan da ruwa. Ribar kuzarin da suke samu ƙanƙanuwa ce ƙwarai, ga shi kuma matakin farko, wato kama kabon, sai an kashe kuzari kafin ya yiwu. Dabararsu ita ce su biya kuɗin matakin farko da ribar mataki na ƙarshe.

Sinadarin enzayim mai suna Hdr ne ke wannan aiki. Yakan karɓi ilektiron biyu ya raba su: ɗaya ya gangara inda yake sakin kuzari, wannan kuzarin kuma ya cilla ɗayan sama zuwa enzayim Fmd mai kama kabon. Tawagar Rolf Thauer ta Cibiyar Max Planck da ke Marburg a Jamus ta tabbatar da haka a 2011. A 2021 Seigo Shima da abokan aikinsa suka wallafa a mujallar Science hoton ginin, inda aka ga Hdr da Fmd a manne cikin ƙaton zobe guda, jerin ƙarfe da farar wuta na miƙa ilektiron daga wannan zuwa wancan ba tare da ya zube a hanya ba.

Akwai wasu enzayim biyu da ke cika aikin. Mtr yana tura sodiyom waje ta fatar halittar, dawowarsa ciki kuma ita ke samar da ATP, makamashin da rai ke gudana da shi. Mcr, mai ƙarfen nikel a tsakiyarsa, shi ke sakin metan ɗin.

Halittun suna daidaita kayan aikinsu da yanayi. Wasu suna da Mcr iri biyu, ɗaya don lokacin yalwar haidirojin, ɗaya don lokacin ƙarancinsa. Idan nikel ya yi wuya, sukan ƙara samar da Hmd, enzayim da ke aiki da ƙarfe zalla.

Wannan ƙarancin riba shi ya sa suke girma a hankali kuma ba sa jure sauyi. Ramin gas na gida ya fi aiki a zafin da ya kai kusan digiri 35, alhali Jos, mai tsayin kimanin mita 1,200 daga teku, tana fama da sanyi a lokacin hunturu, sai gas ya ragu in ba a lulluɓe ramin ba. Haka nan idan aka cika masa kaya lokaci guda, bakteriya kan riga arkiya aiki, ruwan ya yi tsami, wutar murhu ta mutu.

Makiyayi ma abin ya shafe shi. Saniya kan yi asarar kashi 2 zuwa 12 cikin 100 na kuzarin abincinta ta hanyar gyatsar metan, iskar da ta ninka kabon dayoksaid kusan sau 28 wajen ɗumama duniya cikin shekara 100. Sanin ginin Mcr, wanda aka bayyana a 1997, ya taimaka wajen samar da sinadarin 3-NOP mai toshe shi, wanda Tarayyar Turai ta amince a sa wa shanun madara a abinci a 2022.