Tun Yaushe Aka Fara Auna Iska Da Mai A Injin Mota?

TAMBAYA: Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu a Funtuwa, wanda ke fataucin hatsi a kasuwannin ƙauye. Ya ce yana da wata mota 'yar Beljiyam, to tun ranar da wani bakanike ya yanke wayar wani ɗan ƙarfe da ke ɗaure a jikin salansa, wai ƙawa ce kawai ta Turawa, motar ta shiga shan mai ba ji ba gani, hayaƙinta kuma har yaji yake yi a ido. Daga baya aka ce masa sunan abin oksijin sansa, kuma akwai wata sabuwar irinta da ake saita haɗin iska da mai da ita. Shi ne yake tambaya, wai shin wa ya ƙago wannan abu, a wace shekara, kuma mene ne amfaninsa, tun da iyayenmu sun yi shekara da shekaru suna tuƙa Fijo 404 da 504 ba su san shi ba?

AMSA: To malam, mun gode da wannan tambaya. Kafin mu shiga tarihin, bari mu fara da wuta, domin injin fetur ba komai yake yi ba illa ƙona mai a cikin tukunya rufaffiya. Duk wanda ya taɓa kunna fitilar ƙwai ya san idan aka ɗaga lagwani da yawa gilashi zai yi baƙi, mai ya ƙare da wuri, haske kuma bai ƙaru ba. Haka yake a inji. Kafin kilo 1 na fetur ya ƙone ƙurmus, sai ya sami iska kilo 14.7. A lura, da nauyi ake wannan lissafi, kuma ɗan kasuwa ya san bambancin mudu da sikeli. In da mudu za a auna, lita 1 ta fetur tana bukatar iska wajen lita 9,000, wato cikin duro 45 ke nan. Wannan daidaiton shi masana suka laƙaba wa wani harafin Girkanci mai suna lamda. Idan lamda ta zama 1, haɗi ya yi daidai. Ƙasa da 1 mai ya yi yawa, sama da 1 kuwa iska ce ta rinjaya.

Injin da muke amfani da irinsa yau, wani Bajamushe ne mai suna Nikolaus Otto ya haɗa shi a shekara ta 1876. A 1893 kuma wani ɗan ƙasar tasu, Wilhelm Maybach, ya fito da kafireta mai fesa mai ta ɗan ƙaramin rami, a daidai shekarar da wasu injiniyoyi biyu na ƙasar Hangari, Banki da Csonka, suka yi rajistar tasu. Daga nan sai da kafireta ta yi kusan shekara 100 tana mulki. Dabararta mai sauƙi ce: iskar da inji ke zuƙa takan bi ta wani matsatsin maƙogwaro, ta ja mai ta tafi da shi. Sai dai ita makauniya ce, ba ta san abin da ya faru bayan mai ya ƙone ba. Motar da aka saita a Legas, in ta hau tsaunin Jos, mai tsawon wajen mita 1,200, iska ta yi shara-shara, sai mai ya yi mata yawa. In ƙurar hunturu ta toshe matatar iska, nan ma haka.

Saboda haka a duk tsawon wancan zamani kunne da hanci da ido su ne ma'auni. Bakanike zai sa sukudireba yana juya sukuru yana sauraron silo, ya sunsuna hayaƙi, sa'an nan ya kwance fulogi ya duba. Baƙi mai kunkunniya, mai ya yi yawa. Fari fat, mai ya yi kaɗan. Ruwan ƙasa-ƙasa, lafiya lau. Da wannan ilmi aka riƙe Fijo 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna tun daga 1975, kuma ba abin rainawa ba ne, domin har gobe da shi ake gyaran babur da janareta da injin ban-ruwa. Amma fa ƙiyasi ne, kuma a lokacin mai yana da araha, ba wanda ya damu da lita ɗaya ko biyu.

Abin mamaki, ba tsadar mai ce ta haifi wannan sansa ba, hayaƙi ne. A shekara ta 1943 wani irin hazo mai yaji ya lulluɓe birnin Los Anjalis na jihar Kalifoniya a Amurka, ido na ruwa, maƙogwaro na zafi, har wasu suka zaci abokan gaba ne suka watsa guba, da yake ana cikin yaƙin duniya na biyu. Hazon ya yi ta dawowa shekara da shekaru. A farkon shekarun 1950 wani masanin sinadarai ɗan asalin Holan, Arie Haagen-Smit, ya nuna cewa hayaƙin motoci da na matatun mai ne ke haɗuwa da hasken rana su haifar da shi. Kamfanonin mota suka yi ta gardama, amma a 1970 Amurka ta kafa dokar tsabtace iska, wadda ta ce a cikin 'yan shekaru sai sababbin motoci sun rage dafin hayaƙinsu da kashi 90 cikin 100.

Wannan doka ce ta kawo tukunyar tace hayaƙi a motocin 1975, wadda makanikanmu ke kira indomi saboda cikinta mai kama da saƙar zuma. An shafe cikin nan da ƙarafa masu tsada, falatinam da faladiyam da rodiyam, shi ya sa ɓarayi ke farautarta. To a nan aka gamu da cikas. Guba uku ake son kashewa. Biyu daga ciki, wato ɗanyen man da bai ƙone ba da kuma iskar kabon monoksaid, wadda ke kashe mutane in an kwana da janareta a ɗaki, sai da ƙarin oksijin suke ƙonewa. Ta ukun, wadda ake kira naitirojin oksaid, ita kuma sai an ƙwace mata oksijin. Tukunya ɗaya ba za ta iya aikin nan uku ba sai haɗin ya tsaya cak a kan 14.7, kada ya goce fiye da kimanin kashi 1 cikin 100. Babu kunnen da zai iya wannan, komai gwanintar mai shi.

Maganin ashe yana nan ajiye tun tuni. A ƙarshen shekarun 1890 wani masani Bajamushe, Walther Nernst, wanda daga baya ya sami lambar Nobel ta 1920, ya yi wata fitilar lantarki da wani irin farin tangaran mai suna zirkoniya. Shi wannan tangaran, in yana da sanyi dutse ne kawai, amma in ya yi zafi sai oksijin ya riƙa ratsa shi. Idan gefe ɗaya yana fuskantar iskar waje, ɗaya gefen yana fuskantar hayaƙi, bambancin oksijin ɗin da ke tsakaninsu sai ya haifar da 'yar wutar lantarki. Fitilar ba ta daɗe a kasuwa ba, amma ilmin ya zauna. A ƙarshen shekarun 1960 kamfanin Bosch na Jamus ya ɗauko shi ya shiga gwaji, a 1976 kuma ya fara ƙera sansar. Kamfanin Volvo na Suwidin, ƙarƙashin wani injiniyansa Stephen Wallman, shi ya fara sa ta a motocinsa samfurin 240 da aka kai Kalifoniya, ya sa wa tsarin suna Lambda Sond.

Ga yadda take aiki. Sai ta kai zafin digiri 300 zuwa 350 take farkawa, shi ya sa tun daga farkon shekarun 1980 ake sa mata ɗan hita a ciki. In mai ya yi yawa takan ba da wuta wajen bolt 0.9, in ya yi kaɗan sai ta faɗo 0.1. Batirin tocila ɗaya ma ya fi ta ƙarfi. Ƙwaƙwalwar mota, wadda makanikai ke ce wa birenbos, ita ke sauraron wannan saƙo, ta rage mai ko ta ƙara, a kai a kai muddin inji na aiki. Turai ta bi sahu da dokarta ta 1992, daga nan kafireta ta ɓace daga sababbin motocin fetur a can, injekta ta maye gurbinta. Motocin wancan zamani da na bayansa su ne suka biyo jirgin ruwa zuwa Kwatano da Legas suka iso hannunku.

Yanzu sai mu zo kan sabuwar da aka ba ka labari. Ita ta farkon, mai ƙuncin awo, tamkar sikeli ne mai kwano biyu wanda ba shi da duwatsun awo. Zai nuna maka gefen da ya fi nauyi, amma ba zai gaya maka da nawa ya fi ba. Ko haɗi 14 ne ko 11, amsarta kusan ɗaya ce: mai ya yi yawa. Don tsare tukunyar hayaƙi wannan ya isa, amma ga mai son ya saita inji bai isa ba. Sai injiniyoyi suka ƙara mata tangaran na biyu, wanda ke aiki kamar famfo. Hayaƙi kan shiga wani ɗan ƙaramin ɗaki, famfon ya yi ta tura oksijin ciki ko ya zuƙe shi waje har sai ɗakin ya daidaita. Yawan wutar da famfon ya ci, shi ne awon. Ka ga kamar mai sikeli ne ya yi ta ɗora duwatsu har kwanukan su yi daidai, sa'an nan ya ƙirga duwatsun. Wannan ita ce waidban, wato mai faɗin awo. Kamfanin NTK na Japan ya ƙera irinta mai waya 5, aka sa ta a motar Honda Civic VX ta 1992, wadda a tafiyar miƙe take iya aiki da iska fiye da kilo 20 a kan kilo 1 na mai. Bosch ma ya fito da tasa mai suna LSU, wadda yau ita ce masu saita inji suka fi riƙewa.

Yadda ake saitin kuwa, a kan huda salansa a gaban tukunyar indomi, ta wajen inji, a yi waldar mazauni, a ɗaura sansar kanta na kallon ƙasa kaɗan don kada ruwan raɓa ya taru a kanta ya fasa tangaran. Sai a haɗa ta da agogo mai nuna lamba. A silo da tafiyar miƙe ana neman wajen 14.7. In an take totur har ƙasa, da kaya, a kan hawa, ana son lambar ta sauko tsakanin 12.5 da 13, domin a nan inji ya fi ba da ƙarfi, ragowar man kuma yana sanyaya tukunya. In mai kafireta ne a canza jet, in mai injekta ne a gyara lissafin kwamfuta, a sake hawa titi a duba.

A nan muke jan kunnen masu matse mai don a yi tsimi, abin da ya yawaita tun da aka janye tallafin mai a watan Mayu na 2023. Sukurun da ake juyawa a jikin kafireta galibi silo kawai yake gyarawa, ba ya gaya maka halin da inji ke ciki sa'ad da ka loda buhunan masara kana hawan tudu. In kuwa an ƙanƙance jet har mai ya yi kaɗan a wannan lokaci, zafi zai hau, inji ya fara ƙwanƙwasa, bawul ya ƙone, wani lokaci ma fistin ya huje. Kuɗin da aka tsimta a gidan mai ba zai sayi zoben fistin ba, balle a sauke inji. Shi ma agogon ana iya ruɗa shi: in salansa na yoyo a gaban sansar, ko fulogi ɗaya ba ya kawo wuta, oksijin zai yi yawa a hayaƙi, ya nuna mai ya yi kaɗan alhali ba haka ba ne. Masu mayar da mota kan iskar gas ta CNG su ma su sani, ita daidaitonta wajen 17 ne, don haka gara a karanta lamda, wadda ba ta canzawa daga 1 ko wane irin makamashi ne.

Shi bakaniken naka yana da ɗan uzuri na tarihi. Tun 1923 ake zuba dalma a fetur, ita kuwa dalma takan lulluɓe sansa da indomi ta kashe su. Motocin farko da suka zo mana sun sha irin wannan mai, sansar ta mutu, sai aka ɗauka daman ba ta da amfani. Amma ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun daina fetur mai dalma zuwa farkon 2006, Aljeriya kuma, wadda ita ce ta ƙarshe a duniya, ta daina a 2021. Abin da ke kashe ta yanzu shi ne inji mai ƙona baƙin mai, ko ruwan lagireto da ke shiga tukunya, ko gam ɗin silikon da ake lafta wa gasket.

Da aka yanke wayar, ƙwaƙwalwar motarka ta daina jin labarin hayaƙi, sai ta koma kan lissafin da aka rubuta mata a masana'anta, tana zuba mai a makance, kuma galibi ta gefen yawa take kuskurewa. Ka sa a duba wacce aka yanke, domin motocin baya-bayan nan biyu gare su: ta gaban indomi ita ce mai mulkin mai, ta baya yawanci tsaron tukunyar take yi. Wajen saye kada a dogara da ƙirga waya, domin Toyota da yawa sansarsu waya 4 gare ta amma mai faɗin awo ce, in aka ɗaura mata tsohuwar iri ba za su fahimci juna da kwamfuta ba. A kwance tsohuwar, a tafi da ita shago, a nemi mai lamba iri ɗaya da wadda aka buga a jikinta.