Gayya Ko Haƙar Rijiya: Tarihin Gasar Intel Da AMD Ga Mai Sayen Kwamfuta A Damagaram

Tun da aka buɗe jami'a a Damagaram a 2010, wadda yau take ɗauke da sunan masanin tarihinmu André Salifou, wata sabuwar tambaya ta shigo gidajenmu. Yaro ya ci BAC, ya shiga karatun kimiyya ko na taswira, sai ya dawo gida ya ce an ce a nemo kwamfuta mai ƙarfi. Uba ya nufi kasuwa, ko ya yi aike Kano, mai shago ya jero masa lambobi: wannan i7 ce, waccan Xeon, wannan gigahaz 4, waccan zukata 16. Gwargwadon girman lamba, gwargwadon tsada. Da yake aikin koyarwa nake yi, iyaye kan tare ni da wannan magana, shi ya sa nake so in ba da tarihin lambobin nan. Kowacce ta yi zamaninta, an rantse da ita, daga baya aka gane ba ta faɗin gaskiya duka.

Abin da ake jayayya a kansa wani ɗan ƙaramin abu ne da bai kai tafin hannu ba, wanda ake kira furosesa. Shi ne ke yin lissafi, sauran kayan cikin kwamfuta hidima suke yi masa. Kamfanin Intel na Amurka ya fitar da nasa na farko a 1971, mai lamba 4004, da ƙananan makunnai 2,300 a cikinsa, an kuwa ƙera shi ne don injin lissafi na wani kamfanin Japan mai suna Busicom. A 1981 kamfanin IBM ya zaɓi furosesan Intel don kwamfutarsa ta tebur, amma bai yarda ya dogara da maƙera ɗaya ba. Haka aka yi yarjejeniyar 1982 wadda ta ba wani ƙaramin kamfani, AMD, izinin ƙera irin na Intel. Wato IBM ce da kanta ta yi wa Intel kishiya, kuma har yau kishin bai mutu ba.

Lamba ta farko da aka yi yayi ita ce megahaz. Furosesa yana aiki ne da bugu, kamar bugun agogo. Megahaz ɗaya bugu miliyan ɗaya ne a daƙiƙa, gigahaz kuma biliyan ɗaya. A cikin shekarun 1990 duk talla a kan wannan take. A watan Maris na 2000 AMD ta riga Intel kai wa gigahaz 1 da ƴan kwanaki, abin ya yi wa Intel ciwo. A ƙarshen shekarar ta fito da Pentium 4, wanda aka tsara shi musamman don lambar ta yi ta hawa, har ana maganar zai kai gigahaz 10.

Sai dai yawan bugu daban, aikin da ake yi a kowane bugu daban. Jaki ya fi raƙumi saurin ɗaga ƙafa, amma kowa ya san wanda zai riga isa Agadas. Athlon XP na AMD mai gigahaz 2.2 yana iya gogayya da Pentium 4 mai gigahaz 3 a ayyuka da dama. Da AMD ta ga mai saye lamba yake kallo, sai ta raɗa wa nata suna 3200+, don a ji kamar ɗaya suke. Kun ga ke nan tun a lokacin an fara wasa da hankalin mai saye, kuma daga ɓangarorin biyu.

Abin da ya kashe zamanin megahaz zafi ne. Duk lokacin da aka ƙara saurin bugu sai an ƙara wuta, wutar kuma ta koma zafi a wuri kamar farce. A 2004 Intel ta soke Pentium 4 mai gigahaz 4 da ta yi alkawari, ya tsaya a 3.8. Shekara ashirin bayan haka, furosesoshin kasuwa mafi sauri ba su wuce kusan gigahaz 6 ba. Ina roƙon malamai su riƙe wannan, domin darasin kimiyya ne da za a iya koya wa ɗan lise da fanka da tafin hannu kawai.

Da hanyar sauri ta toshe, sai aka koma yawa. Daga 2005 kamfanonin biyu suka fara sa furosesa biyu a gida ɗaya. Kowane ɗaya shi ne masu Faransanci ke kira zuciya. Sabuwar lamba ta samu: zukata nawa?

A nan nake so mu daɗe, don nan ne aka fi cutar mai saye. Zukata da yawa gayya ce. In gona ce ake so a nome, mutum sittin za su gama a wuni abin da mutum ɗaya zai yi wata biyu a kai, saboda kowa na da kunyarsa, ba mai jiran wani. Amma a kira gayyar mutum sittin haƙar rijiya. Ƙasan rijiya mutum ɗaya yake ɗauka, in ya yi yawa biyu. Wasu ƴan kaɗan su ja ƙasa da guga, sauran su zauna a inuwa suna jiran fura. Ba kuma yadda za a yi a haƙa gaba ta goma kafin ta tara. Wani injiniya mai suna Gene Amdahl ya bayyana wannan tun 1967: in rabin aiki dole sai an yi shi bi da bi, ko zukata dubu aka kawo, saurin ba zai wuce ninki biyu ba.

Aikin kwamfuta ma haka ya kasu. Haɗa fim bayan an gama yanka shi, kamar yadda masu shirya finafinai a Kano ke yi, noma ne, kowace zuciya ta ɗauki nata hoton. Hasashen damina, irin wanda cibiyoyin AGRHYMET da ACMAD na Yamai ke hulɗa da shi, noma ne: ana yanka sararin sama gida-gida a raba. Tace bayanan girgizar ƙasa da ake neman mai da su, irin binciken da ya kai ga rijiyoyin Agadem da matatar SORAZ da aka buɗe kusa da mu a 2011, shi ma noma ne, babba ma kuwa. Amma rubuta kundin kammala karatu, da lissafin maki, da yawancin zanen gini, da buɗe intanet, duk sun fi kama da rijiya. Zuciya ɗaya mai ƙarfi suke so, ko ƴan kaɗan.

Mu koma ga kishiyoyin. A 2006 Intel ta fito da Core 2 ta ƙwace gaba. AMD ta daɗe tana ƙorafin cewa Intel na toshe mata kasuwa, har a 2009 Intel ta biya ta dalar Amurka biliyan 1.25 aka yi sulhu. Amma a 2011 AMD ta yi wa kanta illa da wani tsari mai suna Bulldozer. Ta tallata shi da zukata 8, alhali bibbiyu suke tarayya a wasu sassa, kamar manoma biyu da fartanya ɗaya. Furosesan Intel mai zukata 4 yana kayar da shi a ayyuka da yawa. Masu saye suka kai ƙara a Amurka, a 2019 AMD ta yarda ta biya dala miliyan 12.1.

Shekarun da AMD ta yi a kwance, Intel ta ci kasuwa ita kaɗai. Kusan shekara goma mai sayen kwamfutar gida yana tsaye a zukata 4. Wanda ke son fiye da haka sai ya hau bene na sama, inda a 2016 furosesa mai zukata 10, Core i7-6950X, ya kai dala 1,723, kusan sefa miliyan ɗaya, shi kaɗai ba sauran kaya. Sai ga 2017, AMD a ƙarƙashin shugabancin Lisa Su ta fito da Ryzen, a watan Agusta kuma ta fito da Threadripper mai zukata 16 a kan dala 999. Zuwa 2019 Intel ta zabge farashin nata mai zukata 18 daga kusan dala 2,000 zuwa ƙasa da 1,000. Ba tausayi ya kawo ragin ba.

Akwai wani abin dariya da ya faru a tsakani. A bajekolin Computex na Taiwan a 2018, Intel ta nuna furosesa mai zukata 28 yana gudu a gigahaz 5, jama'a suka yi ta tafi. Daga baya ƴan jarida suka gano an haɗa shi da wani babban injin sanyaya ruwa, wanda ba a ambata a kan dandamali ba. Intel ta ce mantuwa aka yi. AMD kuwa ta ci gaba da ƙara yawa: zukata 64 a 2020 a kan dala 3,990, sama da sefa miliyan 2, sannan 96 a 2023. Intel ta kai 56 a jerin Xeon W na wannan shekarar.

To mene ne bambancin waɗannan na manyan ma'aikatu da na tebur mai tsada, ban da yawan zukata? Abu biyu ne. Na farko hanyoyin da bayanai ke bi su iso. Furosesan tebur hanya 2 gare shi zuwa ma'ajiyar aiki, Threadripper Pro da manyan Xeon W suna da 8. Gayya mai yawa da ƙofar gona ɗaya cunkoso ce. Na biyu ma'ajiya mai gyara kuskuren kanta, wadda ake kira ECC. Wani lokaci lamba guda takan juye da kanta a cikin ma'ajiya. A zaɓen 2003 a Schaerbeek ta ƙasar Beljiyam, na'ura ta ƙara wa wata ƴar takara ƙuri'a 4,096 daga sama, masu bincike kuma suka danganta abin da irin wannan juyewa. Ga wanda lissafinsa ke ɗaukar kwana uku ba tsayawa, wannan kariya ta cancanci kuɗinta. Ga ɗalibin shekarar farko, ado ce.

Yanzu ga lambar da mai shago ba ya faɗa, wadda a ganina ita ta fi shafar mu: wat. Manyan furosesoshin nan na 2023 an rubuta musu wat 350. Wato shi kaɗai yana shanye kusan duk abin da babban faranti ɗaya na hasken rana ke bayarwa da tsakar rana, ba a zo ga allo da sauran kaya ba. Duk wutar nan kuma zafi take komawa a cikin ɗaki. Masu gwajin da ake karanta sakamakonsu a intanet a ɗakuna masu sanyi suke yi. Mu kuwa a Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40 a inuwa, da hunturu kuma ƙura ta toshe fanka. Furosesa in ya ji zafi ya kai iyaka, da kansa yake rage gudu don kada ya ƙone. Sai ka biya kuɗin doki ka hau jaki.

Ga kuma kuran ɗin kansa. Lokacin da Najeriya ta yanke wa Nijar wuta a watan Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, kusan kashi 70 cikin 100 na wutar ƙasar daga can take zuwa. Duk wanda ke Damagaram a watannin nan ya san abin da aka sha. Lissafin da ya yi awa goma yana tafiya, in wuta ta ɗauke a awa ta tara, sau da yawa daga farko za a koma. Nakan tuna da Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya rasu a 1884. Da ya sa maƙera zuba igwa a Birni bai tsaya nan ba, sai da ya sa ana haɗa albarushi a gida, don ya san igwa ba albarushi gungumen ƙarfe ce. Makarantar da za ta sayi babbar kwamfuta, kasafin batir da faranti da sanyaya ɗaki ya kamata ta fara rubutawa kafin sunan furosesa. Kuma kuɗin guda ɗaya mai zukata 64 zai cika aji da ƙananan kwamfutoci da yara da yawa za su taɓa da hannunsu. In aikin bincike ne na gaske a jami'a, guda ɗaya a ɗaki mai sanyi, kowa ya zo ya yi layi, ta fi goma a warwatse.

Saura maganar gwanjo, don yawancinmu can muke saye. Sunan i7 ko Xeon ba ya nuna shekaru, an fi shekara goma sha biyar ana amfani da su. Core i7-2600 na 2011 zukata 4 gare shi, Core i3-12100 na 2022 shi ma 4, kuma ƙaramin sunan ya fi babban gudu nesa ba kusa ba, da ƙarancin shan wuta. Sirrin yana cikin lambar da ke bayan sunan: 2600 tsara ta 2 ce, 12100 tsara ta 12. Tsofaffin HP Z da Dell Precision da ofisoshin Turai suka sallama suna da ƙwari, ba na musu, amma da yawansu suna shan wuta kamar rijiyar yashi. Microsoft kuma ta daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuwa a ƙa'ida daga tsara ta 8 ta Intel take farawa. Kafin a miƙa kuɗi, a sa mai shago ya kunna ta, a karanta cikakkiyar lambar furosesan a kan allo, sannan yaro ya buɗe ainihin manhajar da malaminsa ya ce, a bar ta tana aiki rabin awa a cikin zafin shagon, a saurari fanka.