Zongo (Yamai)

Zongo tsohuwar unguwa ce a tsakiyar birnin Yamai, babban birnin Jamhuriyar Nijar, a gefen hagu na Kogin Kwara. Tun asali masauki ce ta baƙi da fatake, galibinsu Hausawa, kamar takwarorinta na Kumasi da Akara da Lome da Kwatano.

Tarihi

Unguwar tana cikin rukunin tsofaffin unguwannin Yamai, irin su Maourey da Kalley. Ta bunƙasa bayan da Turawan Faransa suka ɗauke hedikwatar mulkinsu daga Damagaram zuwa Yamai a 1926, lokacin da 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu suka riƙa kwararowa birnin.

Wuraren ziyara

Matafiyin da ya ya da zango na 'yan sa'o'i yana iya zagaya kewayen unguwar da ƙafa. Kusa da ita akwai gidan tarihi na ƙasa na Boubou Hama, wanda aka kafa a 1959. A cikinsa akwai gidan namun daji, da rumfunan maƙera da dukawa da masaƙa, da ragowar shahararriyar bishiyar Tenere. Daga nan gangare ne zuwa gadar Kennedy, wadda aka buɗe a 1970. A bakin kogi masu kwalekwale suna ɗaukar baƙi yawon shan iska da yamma. Ruwan kogin yakan cika a lokacin hunturu, ya kuma ja baya sosai da bazara.