Maƙeran Garwa da Aibin Ƙarfe: Yadda Magabata Suka Tsare Amanar Ƙira

Duk wanda ya taɓa ganin garma ta tsage a tsakiyar huɗa, alhali damina ta kankama, ya san cewa aibin ƙarfe ba ƙaramin abu ba ne. A ƙasarmu ta arewacin Kamaru ruwan sama 'yan watanni ne, manomin da ya rasa mako guda yana jiran gyara kuwa ya yi asarar da za ta bayyana a rumbunsa.

Kafin motoci su zo, ƙarfe mai yawa na wannan yanki daga duwatsun Mandara yake fitowa. Mutanen Mafa a wajen Mokolo, da mutanen Sukur da ke ɓangaren Najeriya a yau, sukan tattara baƙin yashin tama daga ƙoramu, su narka shi da gawayi. Sukur ta shahara da fitar da sandunan ƙarfe zuwa kasuwannin ƙasa, kuma a 1999 hukumar UNESCO ta sa ta cikin wuraren tarihi na duniya. A 1986 masu bincike sun ɗauki hoton wani dattijon maƙerin Mafa mai suna Dokwaza yana narka tama, suka tarar cewa murhu ɗaya yana fitar da ƙarfe mai laushi, da mai ƙarfi, da mai gautsi. Aikin maƙeri shi ne ya rarrabe su, ya sake gasa mai gautsin har ya yarda da masaba.

Daga nan ake fara tsaron inganci. Aibi na farko shi ne kashin maƙera da ke maƙalewa cikin ƙarfe. In ba a daka shi da zafi har ya fita ba, nan fartanya za ta karye. Na biyu shi ne ninkin da bai haɗe ba, wanda ido ke gani kamar lafiyayye. Na uku ƙonewa, idan mai zuga ya wuce kima. Na huɗu tsagar da ke zuwa in an tsoma ƙarfe a ruwa ba bisa lokaci ba. Magabatanmu ba su da na'ura, amma suna karanta launin wuta, suna zaɓen gawayin ƙirya, kuma sukan ƙwanƙwasa abin da suka ƙera a kan uwar maƙera. Lafiyayyen ƙarfe amonsa dogo ne, mai tsaga kuwa muryarsa a dishe take. A tsarin Hausawa akwai Sarkin Maƙera, wanda ake kai wa ƙarar mai ha'inci.

Daga wajen shekarun 1950 narkar tama ta yi ta ja da baya, saboda tsofaffin ƙarafan motoci sun fi araha. Bayan kafa kamfanin auduga na SODECOTON a 1974, mai hedikwata a Garwa, noman shanu ya ƙara yaɗuwa, maƙera suka shiga ƙera bakin garma da sauran kayan gyaranta. Sai dai tsohon ƙarfe yana zuwa da tsohuwar gajiyarsa, tsagar da ta fara tun yana jikin mota. Manyan masana'antun duniya suna gano irin wannan da maganaɗisu ko da na'urar da ke aika sauti cikin ƙarfe. Maƙerinmu na bakin Binuwai kunnensa da tsoron Allah kaɗai ya mallaka.

Mun karanta a Suratu Saba'i cewa an tausasa wa Annabi Dawuda (AS) ƙarfe, aka kuma umarce shi ya daidaita awon sulke. Ke nan kyautata ƙira umarni ne tun daga can. Muna roƙon maƙeranmu su koya wa yara sauraron amon ƙarfe kafin a ba su masaba, masu saye kuma su daina matsa wa maƙeri farashin da zai sa ya rage duka. Allah Ya jiƙan magabata, Ya sa albarka a sana'o'inmu.